Alhassan Ɗantata da Gadon Fatauci a Ƙasar Kano

Fatauci, wato kasuwancin nesa da ake yi a cikin ayari daga wata ƙasa zuwa wata, yana daga cikin tsofaffin sana'o'in ƙasar Hausa, kuma a ƙarni na 19 babu hanyar da ta kai ta Gwanja muhimmanci a wurin fataken Kano, domin ta can ne ake samo goro, wanda ba ya tsira a ƙasar Hausa amma ba a ɗaurin aure ko raɗin suna sai da shi. Ayari yakan tashi da rani a ƙarƙashin madugu, wato shugaban tafiya wanda yake sasantawa da sarakunan hanya a kan kuɗin fito, tare da jagaba mai shigewa gaba domin nuna hanya da neman zango, inda za a sauke kaya a kwana. Fatake sukan ɗora wa jakuna kanwa da baƙaƙen tufafin rini da jemammun fatu, su yi watanni kafin su isa kasuwar Salaga, sannan su juyo da goro a cikin huhu, ƙunshin ganye da ake kwancewa lokaci-lokaci a hanya domin a yayyafa ruwa a kuma tsince wanda ya fara lalacewa, don kada ya ɓata sauran.

Wannan sana'a ta gado ce, kuma zuriyoyin da suka fi shahara da ita su ne Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda a cikinsu yaro yakan fara bin mahaifinsa ko ubangidansa tun yana ɗaure wa jaki kaya, har ya iya lissafin wuri, ya ji harsunan mutanen hanya, ya kuma gane cewa bafataken da ya ci amana sau ɗaya ba zai ƙara samun mai ba shi kaya bashi ba. A cikin Agalawan Bebeji aka haifi Alhassan a shekarar 1877. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana ƙarami, mahaifiyarsa kuma ta koma Akara da zama, saboda haka ya tashi a hannun wata dattijuwa mai suna Tata, wadda da sunanta ake kiransa har yau, yana karatun allo yana kuma neman abin kansa tun bai balaga ba.

Lokacin da Alhassan ya shiga fatauci sosai, tsohuwar hanyar Gwanja ta riga ta fara rauni, tun daga cin da Turawan Ingila suka yi wa Asante a 1874 har zuwa yaƙin basasar da ya tarwatsa Salaga a 1892. Abin da ya bambanta shi da yawancin tsararrakinsa shi ne saurin fahimtar cewa sana'ar ba a kan jaki ta dogara ba, a kan sanin kaya da riƙon alkawari take, don haka ya shiga sahun farko na masu ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko, sannan a wuce da shi Arewa. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa masu neman gyaɗa domin yin mai da sabulu suka tarar ba su san ƙauyuka ba, ba su kuma san wanda za a damƙa wa kuɗi a kwana lafiya ba, alhali fatake sun daɗe da mutanensu a kowace kasuwa. Ɗantata ya zama babban mai saya wa kamfanin Niger Company gyaɗa, yana raba wa yaransa jari su shiga karkara da kaka, ana jera buhunan a tsibi mai tsini da aka sani da dalar gyaɗa kafin jirgin ƙasa ya kwashe su. A 1929, da aka buɗe reshen bankin da daga baya ya zama First Bank a Kano, tarihi ya adana cewa kayan raƙuma 20 na kuɗin azurfa ya kai ajiya.

Duk da wannan arziki, waɗanda suka zauna da shi sun fi tuna shi da sauƙin rayuwa da tattali da kuma sa ido a kan lissafi da kansa, kuma a kan haka ya tarbiyyantar da 'ya'yansa, irin su Ahmadu da Sanusi da Aminu, waɗanda ya sa su cikin aikin tun suna samari maimakon ya bar su su jira gado. Ya rasu a Kano ranar 17 ga Agusta, 1955, amma gidan bai watse ba: Ahmadu ya riƙe kamfanin gidan har rasuwarsa a 1960, Aminu ya karɓa ya faɗaɗa shi zuwa gine-gine da wasu harkoki, Sanusi kuwa ya zama kakan da ya reni Aliko Ɗangote, ɗan 'yarsa Mariya, bayan rasuwar mahaifin yaron, kuma daga dangin mahaifiyar tasa Aliko ya samu jarin da ya fara kasuwanci da shi a 1977.

Dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano a shekarun 1970, sakamakon fari da cutar shuka da kuma karkatar hankalin hukuma zuwa man fetur, wanda hakan ya nuna cewa kayan ciniki suna da zamaninsu. Abin da ya ɗore shi ne tsarin da fatake suka gada suka kuma gadar, wanda har yau ake gani a Kantin Kwari da kasuwar Singa, inda ubangida yake riƙe yaro shekaru yana gwada gaskiyarsa kafin ya sallame shi da jarin kansa. Duk mai son ya fahimci darajar mahaifi ko kaka irin Alhassan Ɗantata, ya kamata ya auna ta da yawan mutanen da ya koya wa neman halak suka tsaya da ƙafafunsu, domin wannan ne gadon da rabo ba ya rage shi.