Agogo da Igiyar Awo: Tarihin Gasar Guje-guje da Tsalle-tsalle ta Samarin Sakandare, da Rabon Ƙasar Gumel a Cikinta



Abin da zan yi magana a kansa yau abu ne da yawancinmu muka ɗauka wasan yara, watau gasar guje-guje da tsalle-tsalle da jefe-jefe wadda samarin makarantun sakandare suke yi. Nufina shi ne in bi sawun wannan gasa tun daga shigowarta ƙasar Hausa, in nuna abin da ya raya ta da abin da ya raunana ta, sa'an nan in auna rabon da ƙasar Gumel ta samu a ciki, watau ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Ra'ayin da zan kare shi ne, gudu da tsalle mun gaje su kaka da kakanni. Sabon abin da makaranta ta kawo abu uku ne: awo, da rubuta sakamako, da tsanin da yaro zai taka daga ƙauyensu har ya kai gasar ƙasa. Duk inda ukun nan suka tsaya da ƙafafunsu, gwanaye sun fito. Inda suka faɗi kuwa, gwanayen suna nan, sai dai ba wanda ya san da su.

Kafin Zuwan Makaranta

Ƙasar Gumel ƙasa ce ta Mangawa, wadda aka kafa sarautarta wajen shekarar 1750. Ta bi Borno, ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, kuma a 1845 aka dawo da gadon sarauta daga Tumbi, wadda yanzu take cikin Jamhuriyar Nijar, zuwa garin Gumel. Ta shafe yawancin ƙarni na 19 tana fafatawa da Haɗeja da Kano da Damagaram. Ƙasar da ke zaune tsakanin maƙwabta masu ƙarfi irin waɗannan ba ta raina mai ƙafa. Manzon da zai kai labarin hari, da zagin da ke gaban dokin sarki, da maharbin da ke bin barewa a daji, dukansu da gudu suke cin abinci.

Haka kuma dandali yana da nasa horo. Bayan kaka, idan amfanin gona ya shiga rumbu, sai a shiga kokawa da dambe. Yara kuwa su yi langa da farin wata, kowa ya riƙe ƙafa ɗaya da hannu yana tsalle da ɗayar, ana kare ruwa har ya kai gida. Duk malamin motsa jiki da ya dubi langa da idon basira zai ga horon cinya da numfashi ne sosai.

Amma a lura da yadda ake ajiye sunan gwani a wannan tsari. Kirari ne da waƙa suke ajiye shi. Mun san Shago domin Ɗan Anace ya waƙe shi. Waƙa tana gaya mana wane ya ka da wane, amma ba ta iya gwada saurayin Maigatari da na Katsina idan ba su taɓa haɗuwa ba, balle ta gwada na bana da na shekara talatin da suka wuce. Wannan aiki sai agogo da igiyar awo.

Abin da Turawa Suka Nufa da Wasa

Sarkin Gumel Ahmadu ya karɓi mulkin Turawa a 1903, aka sa ƙasar cikin Lardin Kano. A 1909 Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano. A 1922 Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina, wadda ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, daga baya ta ɗauki sunan Barewa.

Turawan da suka koyar a waɗannan makarantu yawancinsu sun fito ne daga manyan makarantun kwana na Ingila, inda aka yi imani cewa a filin wasa ake gina halin mai mulki: ya san biyayya ga doka, ya jure wahala, ya sha kaye ba tare da ya ɓata rai ba. Saboda haka suka raba ɗalibai gida-gida, kowane gida da shugabansa, aka riƙa karawa a kurket da ƙwallon ƙafa da guje-guje, da kuma ƙwallon bango da ake bugawa da tafin hannu, wadda aka ɗauko daga makarantar Eton. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya shahara da wannan ƙwallo tun yana ɗalibi a Katsina. Ke nan burin Turawa shi ne su sami malamai da ma'aikatan En'e masu ladabi. Fitar da zakarun duniya bai dame su ba.

Babbar ranar wasanni a lokacin ita ce Ranar Daular Ingila, 24 ga Mayu, ranar haihuwar Sarauniya Biktoriya. A can Ingila lokacin sanyi ya wuce, gari ya yi daɗi. A nan kuwa tsakiyar bazara ce, ana jiran ruwan shuka, rana tana dukan ƙoƙon kai. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba domin jikin yaron Gumel aka tsara abin ba.

Yadda Aka Kafa Tsani

Mutumin da ya fi kowa tasiri a wannan tarihi shi ne E. R. J. Hussey, wanda ya zama Daraktan Ilmi na Nijeriya a 1929. Shi kansa ɗan tsere ne, ya wakilci Birtaniya a gudun tsallake shinge na mita 110 a wasannin Olamfik na Landan a 1908. A zamaninsa aka daidaita tsarin makarantun Midil, kowane lardi da tasa. Cikin shekarun 1930 aka fara gasar Kofin Grier ta makarantun Yamma, aka kuma fara gasar Garkuwar Hussey, inda zaɓaɓɓun 'yan makarantun Arewa suke karawa da na Kudu. A 1944 aka kafa ƙungiyar wasannin guje-guje da tsalle-tsalle ta Nijeriya.

To, ga tsani ya samu. Yaro ya yi fice a gidansu, ya wakilci makaranta, ya wakilci lardi, ya wakilci Arewa. A kowane mataki akwai alƙali da agogo, akwai littafi. Ana gudun yadi 100 da 220 da 440 da 880 da mil guda, ana dogon tsalle da tsallen sama, ana jifan dalma da mashi, a rufe da gudun miƙa sanda. Wanda ya karya abin da aka taɓa yi, a rubuta sunansa a allon ɗakin taro, na baya su zo su tarar.

Ba a daɗe ba aka ga amfanin tsanin. A 1950 Josiah Majekodunmi ya ci lambar azurfa a tsallen sama a wasannin Daular Ingila a Auckland. A 1952 Nijeriya ta fara halartar Olamfik a Helsinki. A 1954 a Vancouver, Emmanuel Ifeajuna, wanda ya koyi tsalle a makarantar sakandare a Onica, ya tsallake ƙafa 6 da inci 8, watau mita 2.03, ya ci zinariya.

Ina rabon Gumel a nan? Rabonta kaɗan ne, dalili kuwa a fili yake. Matakin farko na tsanin yana Kano, nisan kimanin mil 75. Sai yaron da aka zaɓa ya tafi Midil ta Kano, wadda ta zama Kwalejin Rumfa, shi ne zai taɓa ganin agogon tsere. Jirgin ƙasan da ya bi ta Gagarawa zuwa Nguru ya kwashi gyaɗa da yawa, amma ɗaliban da suka bi hanyar Kano ba su taka kara sun karya ba. Sauran dubban samari suna dandali suna langa, ba wanda ya auna su.

Makarantu Sun Yawaita, Tsani Ya Raunana

Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ɗauki wasanni a matsayin hanyar ɗinke ɓaraka. A 1973 Legas ta karɓi wasannin Afirka, a shekarar kuma aka fara Bikin Wasanni na Ƙasa, inda jihohi 12 suka kara. Na 1977 a Kaduna aka yi shi. A 1976 aka fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, a shekarar ce kuma aka buɗe babbar kwalejin horon malamai a Gumel, wadda yau take Kwalejin Ilmi ta Jihar Jigawa. Makarantar sakandare ta matso kusa da gida, har ta shiga garuruwan da a da ko firamare sai an yi tafiya.

Mai hankali zai zaci cewa yanzu ne gwanayen karkara za su fito. Amma sai aka yi rashin sa'a, yawan makarantu ya zo daidai da ƙarancin kuɗi. Farashin man fetur ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, aka shiga shirin gyaran tattalin arziki a 1986. Idan kasafi ya matse, kuɗin wasanni ake fara yankewa. Sabbin makarantu da yawa na jeka-ka-dawo ne, yaro yana tashi zai wuce gona ko kiwo ko kasuwa, ba shi da la'asar ɗin da ɗan makarantar kwana yake da ita. Ƙwallon ƙafa kuma ta kwashe zukatan samari ta hanyar rediyo da talabijin. Gasar gida-gida ba ta mutu ba, amma a wurare da yawa ta koma biki: a yi fareti, a yi jawabi, a raba kofi, a watse. Wanda ya zo na ɗaya bai san cikin daƙiƙa nawa ya yi gudunsa ba, kuma ba shi da inda zai je gaba. Da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, buƙatun sabuwar jiha sun yi yawa, ga ofisoshi ga hanyoyi ga asibitoci, filin tsere bai sami shiga sahun gaba ba.

Darasi Daga Waje

Kada wani ya ce ai gudu baiwa ce ta wasu ƙabilu. Mu dubi Jamaika. Mutanenta ba su kai miliyan 3 ba, alhali Jigawa ta haura miliyan 4 tun a ƙidayar 2006. A 1910 makarantun samari shida suka fara gasar shekara-shekara a Kingston, aka riƙe ta fiye da shekara ɗari. Ta cikinta Usain Bolt ya biyo, wanda ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a Balin a 2009.

Mu dubi Kenya. A 1976 wani malami ɗan Ailan, Colm O'Connell, ya zo makarantar St Patrick da ke Iten domin ya koyar da labarin ƙasa, bai taɓa horar da 'yan tsere ba. Ɗalibin makarantar, Peter Rono, ya ci zinariya a mita 1500 a Olamfik na 1988, kuma malamin nan ne ya horar da David Rudisha, wanda ya yi mita 800 cikin minti 1 da daƙiƙa 40.91 a Landan a 2012. Gaskiya ne Iten tana kan tudu mai tsawon kimanin mita 2,400, wanda ke taimakon masu dogon gudu. Amma tudun yana nan tun fil azal, bai fitar da zakara ba sai da makaranta da gasa suka zo.

Misali na uku yana tsallaken iyakar Maigatari. A 1975 gwamnatin Nijar ta fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. Kokawar dandali ce dai da muka sani, sai aka yi mata tsani, kowace jiha ta tace 'yan kokawarta ta kawo. Yau takobin nan ya fi kowane kofi daraja a Nijar.

Abin da Ya Rage Gare Mu

Ku ma'aikata, musamman na ma'aikatar ilmi da na ƙananan hukumomi, ku ne wannan magana ta fi shafa. A cikin dukan wasanni babu mai arha kamar wannan. Zagayen tsere mita 400 ne: miƙaƙƙun layuka biyu masu tsawon mita 84.39 kowanne, da lanƙwasa biyu da ake zanawa da igiya mai tsawon mita 36.5 daga turke. Ƙasar Gumel shimfiɗaɗɗiya ce, yashin ramin tsalle kuwa kyauta ne. Toka ko farar ƙasa ta isa a ja layi. Dalmar yaro ɗan ƙasa da shekara 18 kilo 5 ce, mashinsa giram 700. Agogon tsere kuwa yau yana cikin wayar kowane malami.

Saboda haka ina ba da shawara huɗu. Na farko, a tsayar da lokaci guda kowace shekara cikin hunturu, bayan an gama kaka, kafin zafi ya sauko. Na biyu, a mai da tsani: gida-gida a makaranta, sa'an nan makarantun kowace ƙaramar hukuma, sa'an nan zakarun Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar da Gumel su haɗu a Gumel, waɗanda suka yi fice su wuce Dutse. Na uku, a rubuta kowane sakamako da sunan yaro da shekarunsa na gaskiya, domin sa ƙato cikin yara cin amana ne, kuma shi ke kashe zuciyar mai tasowa. Na huɗu, Kwalejin Ilmi ta Gumel ta koya wa malaman da take yayewa yadda ake shata fili da riƙe agogo da alƙalanci.

Ku kuma ɗalibai, da yawanku za ku koma azuzuwa ku koyar. A ajin da za a ba ku akwai yaron da ke taka mil uku ko huɗu kullum kafin ya iso makaranta, akwai wanda ke koro shanu zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Ba kowannensu ne zai je Olamfik ba, amma kowannensu yana da hakkin ya san iyakar abin da Allah ya ba shi, ya kuma koyi cewa akwai fagen da ɗan sarki da ɗan talaka suke tashi daga layi ɗaya, agogo kuma ba ya duban fuskar kowa. Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara. Wanda ba a auna shi yana ɗan shekara 15 ba, da wuya a same shi yana ɗan 25.