Tambaya Ɗaya, Amsa ga Kowa: Tarihin LM_NET

Malamin lissafi a makarantar sakandare yana da abokan aikin da zai tuntuɓa idan wani darasi ya cije masa, domin ofishinsu ɗaya, matsalarsu ɗaya. Mai kula da laburaren makaranta ba shi da wannan gata. A yawancin makarantu shi kaɗai ne mai irin aikinsa a ginin baki ɗaya, kuma shugaban da ke duba aikin nasa galibi bai taɓa tsara kundin littattafai ba.

A Amurka wannan kaɗaici ya ƙaru ne a daidai lokacin da aikin yake bunƙasa. Dokar ilimin firamare da sakandare ta 1965 ta ware kuɗin gwamnatin tarayya domin sayen littattafai da kayan laburare, makarantu da dama suka buɗe ɗakunan karatu a karon farko. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 kwamfuta ta shigo, aka ɗora wa mai laburare nauyin koya wa ɗalibai da malamai neman bayani a na'urar da shi kansa bai daɗe da saninta ba. Ƙungiyar masu kula da laburaren makarantu ta ƙasar, AASL, tana nan, amma taro sai lokaci-lokaci, mujalla kuwa takan iso bayan matsalar ta wuce.

A watan Yunin 1992 mutum biyu suka yi wani gwaji. Ɗaya shi ne Peter Milbury, mai kula da laburaren makarantar sakandare ta Pleasant Valley a garin Chico na jihar Kaliforniya. Ɗayan kuma Michael Eisenberg ne, malami a Jami'ar Syracuse da ke jihar New York, kuma shugaban wata cibiya ta ERIC, tsarin tattara bayanan ilimi da gwamnatin tarayya ke ɗaukar nauyinsa. Milbury ya san ciwon daga ciki, Eisenberg kuma yana da kwamfutocin jami'a. Suka kafa LM_NET a kan manhajar LISTSERV, wadda Eric Thomas ya rubuta a Faris a 1986. Aikinta mai sauƙi ne: wanda ya aika saƙon imel zuwa adireshi guda, sai saƙon ya isa ga duk wanda ya yi rajista.

Ko a 1994, kashi 35 cikin ɗari ne kawai na makarantun gwamnati a Amurka suke da intanet, azuzuwan da aka haɗa kuwa kashi 3 ne. Duk da haka mambobi suka riƙa ƙaruwa har suka haura dubu goma, daga ƙasashe da dama.

Yawan nan shi ne ya kusa zama illa. Idan mutum ɗaya ya tambayi wace manhaja ce ta fi dacewa da lissafin aron littattafai, mutum ɗari suka amsa a bainar jama'a, akwatin saƙon kowa zai cika, masu aiki kuma su gudu. Idan kuma amsoshin suka tafi ga mai tambaya shi kaɗai, sauran sun yi asara, gobe wani zai sake yin tambayar. Maganin da aka samo ɗabi'a ce, ba fasaha ba. Mai tambaya zai rubuta TARGET a kan saƙonsa, wato abin da ake hari. Masu amsa su aika masa kai tsaye. Bayan 'yan kwanaki sai ya tattara abin da ya samu, ya tsara shi, ya maido wa kowa da alamar HIT, wato an sami abin da aka hara.

A nan ne ƙarfin LM_NET yake. Ƙa'idar ta mayar da taimako bashi: wanda aka agaza wa dole ya biya da aikin tattarawa. Ta kuma sauƙaƙa wa mai jin nauyin magana a gaban dubban mutane, tunda amsarsa ga mutum ɗaya za ta tafi. Tambayoyin kuwa ba duka ne na kayan aiki ba. Akwai mai neman littafin da zai ja hankalin yaron da ya tsani karatu, akwai wadda wani uba ya zo yana neman a cire wani littafi daga kan kanta kuma ba ta san matakin da za ta bi ba, akwai wanda hukumar ilimi ke shirin soke muƙaminsa yana neman hujjar da zai kai gaban zama. Irin waɗannan ba a samun amsarsu a littafin koyarwa. Sai wurin wanda ya taɓa shiga cikinsu. An kuma bukaci kowa ya sa sunansa da muƙaminsa da makarantarsa a ƙarƙashin saƙo, abin da ya sa mutane suke auna magana kafin su aika.

Sa'an nan akwai ma'adana. An riƙa adana saƙonnin ta yadda za a iya bincika su, don haka sabon ma'aikaci yana iya samun HIT ɗin da aka tattara shekaru kafin ya kama aiki. Ba abin mamaki ba ne a ce masu sana'ar adana bayani ne suka fi kowa kula da wannan.

Wasu ƙasashe suka bi sahu. A 1995 malamai a Jami'ar Charles Sturt ta Ostireliya suka kafa OZTL_NET, a Birtaniya kuma aka kafa SLN a 1998.

Raunin duk waɗannan shi ne a gidan wani suke zaune. A ƙarshen 2003 ma'aikatar ilimi ta Amurka ta rufe cibiyoyin ERIC, har da ta Syracuse. LM_NET ta tsira domin jami'ar ta ci gaba da riƙe ta, 'yan sa-kai kuma suka ci gaba da kula da ita. SLN kuwa, wadda ta zauna a Yahoo Groups, ta ga irin abin da kamfani ke iya yi: a ƙarshen 2019 Yahoo ya sanar da share abubuwan da aka adana, ya kuma rufe dandalin gaba ɗaya a ranar 15 ga Disamban 2020. SLN ta yi ƙaura zuwa Groups.io. Ƙungiyoyin da ba su kwashe kayansu da wuri ba sun rasa muhawarar shekaru masu yawa.

A halin yanzu hirar masu laburare ta fi yawa a Facebook da WhatsApp da makamantansu. Amsa ta fi saurin zuwa, shiga ta fi sauƙi, amma ba a neman kowa ya tattara komai. Tambayar da aka amsa a watan jiya takan nutse a ƙarƙashin gaisuwa da hotuna, kuma idan lokacin ƙidayar littattafai na ƙarshen zango ya zagayo, sai wani ya sake yin ta daga farko.