Taurari da Jigo a Wasan Kwaikwayon Soyayya na Ƙasar Sin

Wasan kwaikwayon soyayya ya bunƙasa a ƙasar Sin a zamanin daular Yuan (1271-1368), kuma wanda ya fi shahara shi ne Xixiang Ji, wato Labarin Ɗakin Yamma, na Wang Shifu. Tushensa wani gajeren labari ne da Yuan Zhen (779-831) ya rubuta tun zamanin daular Tang. A ainihin labarin, ɗalibi Zhang ya yaudari Cui Yingying ya guje ta, mutane kuma suka yaba masa cewa ya gyara kuskurensa. A wasan Wang Shifu kuwa, aure suka yi. Wannan sauyi shi ne abu na farko da mai nazarin jigo zai lura da shi: laifi ya tashi daga kan budurwa ya koma kan mai hana aure.

Ga yadda aka warware jigon. 'Yan fashi sun kewaye gidan ibadar da iyalin Cui suka sauka. Uwar Yingying ta yi alkawarin aurar da 'yarta ga duk wanda ya cece su. Zhang ya aika wa abokinsa, wani shugaban sojoji, da wasiƙa, aka kori 'yan fashin. Da hankali ya kwanta sai uwar ta saɓa, ta ce su ɗauki juna wa da ƙanwa.

A nan ne Hongniang, baiwar Yingying, ta shigo. A ganina ita ce tauraruwar gaske. Ita ke kai saƙonni tsakanin masoyan, kuma da asiri ya tonu aka titsiye ta, sai ta nuna wa uwargijiyarta cewa saɓa alkawarin ne ya jawo abin kunyar. Uwar ta sauko, amma da sharaɗin sai Zhang ya ci jarrabawar shiga aikin gwamnati. Har yau Sinawa na kiran mai haɗa aure da sunan Hongniang. Sai dai a kula: soyayyar ba ta yi nasara ba sai da miji ya sami muƙami.

Tang Xianzu ya zarce nan a wasansa Mudan Ting (1598) mai fitowa 55, inda Du Liniang ta ga saurayi a mafarki, bege ya kashe ta, sannan ta dawo duniya ta aure shi.

Ɗalibin Hausa ba baƙo ba ne ga wannan jigo na so da ikon iyaye, domin shi ne ƙashin bayan littattafan soyayya na Kano, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Martanin hukuma ma ya yi kama: a 1868 gwamnan lardin Jiangsu, Ding Richang, ya sa Xixiang Ji cikin littattafan da ya haramta, a Kano kuwa an ƙona littattafan soyayya a 2007 bisa zargin ɓata tarbiyyar 'yan makaranta.