Sau Biyu Houston Ta Rasa Hakeem

Mai bin kokawa a Birnin Ƙonni ko Illela ya san yadda gaban jama'a ke faɗuwa in gwarzon jiha ya ji rauni ana gab da gasar takobi. Ƙwallon kwando ma ya ga irin wannan a Amurka, kuma ɗan Legas ne a tsakiyar labarin: Hakeem Olajuwon na ƙungiyar Houston Rockets.

A watan Janairun 1991, gwiwar hannun Bill Cartwright na Chicago Bulls ta fasa masa ƙashin gefen ido. Wasa 25 ya yi a waje. An zaci ƙungiyar za ta durƙushe, sai ga shi ta ci 15 daga ciki. Dā kowa Hakeem yake miƙa wa ƙwallo ya tsaya kallo. Da babu shi, dole Kenny Smith, Vernon Maxwell da Otis Thorpe suka raba nauyin a tsakaninsu, suka ƙara gudu. Houston ta kammala kakar da nasara 52, aka zaɓi mai horar da ita, Don Chaney, gwarzon masu horarwa na shekarar. Ya cancanta ƙwarai.

Hakeem ya dawo, ya kawo musu kofi a 1994 da 1995.

Rabuwa ta biyu ta fi ɗaci. A 2001 ya koma Toronto yana da shekara 38, rauni kuma ya addabi Steve Francis, ɗan wasan da Houston ta ɗora wa buri. Nasarorin Houston suka zube daga 45 zuwa 28. Wannan faɗuwar ce ta buɗe musu ƙofar zaɓen farko cikin sababbin 'yan wasa a 2002, inda suka ɗauko Yao Ming daga ƙasar Sin.