Mahaɗin zarto

Mai bin hanyar Panshekara daga Sharada zuwa Zawaciki ba ya rasa jin kukan injin yanka katako. Zarton da ke cikinsa ɗamarar ƙarfe ce mai haƙora, an haɗe bakinta biyu, tana zagaya ƙafafu biyu. Rauninsa a mahaɗin nan yake, tun asali.

A farkon ƙarni na 19 wani ɗan Ingila, William Newberry, ya yi rajistar dabarar, amma ta kwanta kusan shekara arba'in, domin waldar zamanin ba ta jure lanƙwasa. Sai a 1846 wata Bafaranshiya, Anne Paulin Crépin, ta fito da haɗin da ke riƙewa, kamfanin Périn na Paris ya saya.

Matsalar Newberry ba ta bar mu ba. Sabon zarto tsada gare shi, don haka wanda ya tsinke walda ake kai shi, ba sau ɗaya ba. Ban ga laifin wannan ba. Ganganci shi ne cire murfin ƙafafun don sauƙin sauya zarto. Tsagaggen zarto yakan yi ƙas-ƙas a kowane zagaye kafin ya tsinke. Kafintan da ya ji haka ya kashe wuta, ya ja da baya, kada ya buɗe murfi sai ƙafafun sun tsaya cik.