Garin Nawusa Da Inabinsa Mai Tsami

A arewacin ƙasar Girka, cikin lardin Makidoniya, akwai wani gari da ake kira Nawusa, wanda ke zaune a gangaren Dutsen Bermiyo, yamma da birnin Salonika. Abin da ya fitar da sunan garin a duniya shi ne jar giyar inabi da ake yi da wani irin inabi mai suna Kisinomabro, wato "baƙi mai tsami" da harshen Girkanci. Tarihin wannan inabi kuwa tarihin mutanen garin ne, domin sau biyu sana'ar tana kusan mutuwa, sau biyu kuma ana tayar da ita.

Yankin tsohon wuri ne ƙwarai. A Miyeza, kusa da Nawusa, shaihin malamin nan Aristotal ya karantar da Iskandar, ɗan Sarki Filibus na Biyu, wajen shekara ta 343 kafin haihuwar Annabi Isa. Haka kuma a 1977, da masu tonon kayan tarihi suka buɗe kaburburan sarauta a Bargina, sun tarar da tuluna da kofunan azurfa na shan ruwan inabi. Ke nan al'adar ta girmi garin da kansa.

A zamanin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, ko da yake masu mulki Musulmi ne, sun bar talakawansu Kirista su ci gaba da wannan sana'a, muddin suna biyan haraji. Nawusa ta bunƙasa, fatake suna kai hajarta ƙasashen maƙwabta. Amma da Girkawa suka ta da yaƙin neman 'yanci a 1821, mutanen Nawusa suka bi sahu. A 1822 sojojin daular suka ci garin, suka ƙone shi, aka kashe jama'a masu yawa. Har yau ana tunawa da matan da suka faɗa kogin Arapitsa da 'ya'yansu, don gudun bauta.

Sannu a hankali garin ya farfaɗo. A 1879 wani ɗan kasuwa, Yowanis Butaris, ya kafa kamfanin Boutari, wanda ya shahara da sayar da giyar Nawusa cikin kwalabe maimakon ganguna. Ba a jima ba sai ga wata masifar. Wani ɗan ƙwaro da ake kira filoksera, wanda asalinsa daga Amurka yake, ya shigo Makidoniya a ƙarshen ƙarni na 19. Shi wannan ƙwaro saiwar itacen yake tsotsa har ya bushe. Gonaki suka lalace, manoma da yawa suka koma dashen tuffa da sauran kayan marmari.

Maganin da aka samu shi ne irin auren da manomi ke yi wa mangwaro: a ɗauki reshen Kisinomabro a haɗa shi da gindin inabin Amurka, wanda ƙwaron ba ya iya kashewa. Da wannan dabara aka sake dasa gonaki, musamman daga shekarun 1960. A 1971 gwamnatin Girka ta kafa doka cewa ba giyar da za ta ɗauki sunan Nawusa sai wadda aka yi a yankin, da wannan inabi tsantsa.

Masana ɗanɗano sun ce tana da tsami, da bauri irin na goro, ga ƙanshi mai kama da na busasshen tumatir da zaitun. Tana sabuwa takan yi kaifi, saboda haka akan adana ta cikin gangunan katako, daga baya a kwalabe, shekara da shekaru, har ta yi laushi. Don haka ne ake kwatanta ta da Barolo ta ƙasar Italiya. Girkawa kan haɗa ta da abinci mai maiƙo, kamar gasasshen naman rago, ko naman da aka dafa da tumatir da albasa, ko tsohon cuku, domin tsamin yana yanke kitse.

Abin lura a nan shi ne, da manoman Nawusa suka sake dashe, ba su yar da irin kakanninsu sun rungumi na Faransa ba, ko da yake Kisinomabro yana da wuyar reno, ga jinkirin nuna. Wannan haƙurin ne ya sa ƙaramin garin ya mallaki abin da galibi a arewacin Girka ake samunsa.