Mamo Wolde: Daga Fagen Gudu Zuwa Gidan Kaso

Gudun fanfalaki, wanda wasu ke kira gudun ya-da-ƙanin-wani, tsawonsa kilomita 42 ne da 'yan kai, wato kusan rabin tafiyar Illela zuwa Sakkwato. Cikin mazajen Afirka da suka yi fice a wannan fage akwai Mamo Wolde, sojan fadar Sarki Haile Selassie na Habasha, wanda aka haifa a 1932.

A wasannin Olamfik na Meziko a 1968, ciwon ƙafa ya tilasta wa Abebe Bikila, gwarzon 1960 da 1964, janyewa. Mamo ya fid da ƙasarsa kunya, ya ciwo zinare. A Munich a 1972, yana ɗan shekara 40, ya zo na uku. A 1973 kuma ya zo Legas ya lashe wannan gudu a wasannin Afirka.

Da ƙafa ta gaji sai ya koma horar da matasa. To amma duniya rawar 'yan mata ce. Bayan faɗuwar gwamnatin Mengistu a 1991, an kama shi bisa zargin hannu a kisan wani matashi, zargin da ya musanta. Kenny Moore, Ba'amurken da ya zo na huɗu a bayansa a Munich, ya yi ta fafutukar a sake shi. Sai a 2002 kotu ta yanke masa shekara shida, alhali ya riga ya yi tara a tsare, aka sallame shi. A watan Mayun shekarar ya rasu, aka binne shi kusa da Bikila a Addis Ababa.